Iskar da Ta Shiga Jinin Nomau Gajere

Wani kamfanin Faransawa ya bar mahaifina ya gurgunce, maganinsa kuwa yana ajiye a rumfar da ke bayansa. Ba zan sassauta maganar ba.

Sunansa Nomau, ana ce masa Gajere. Daga Madawa ya biyo garken shanu har Abijan, ya zauna wurin wansa Sha'ibu, mahauci a unguwar Tireshbil. Fawa ba ta karɓe shi ba. Mutum ne mai son sanin cikin abu: fitilar aci-balbal, kwaɗo, agogon maƙwabci, duk sai ya kwance ya gani. Inna Zalihatu, mahaifiyata, ta ce da amarci ma ɓoye masa keken ɗinkinta take yi.

Gab da yaƙin duniya na biyu, yana kai nama bakin lagun, babban ruwan da ya ratsa garin, sai ya ga an sa wa mutum kwalkwalin tagulla an zura shi cikin ruwa, wasu biyu suna juya famfo suna aika masa numfashi ta tiyo. Naman har ya fara wari yana tsaye yana kallo. Aka ɗauke shi juya famfo. Da mai rigar nutson ya bar aiki, aka duba ba wanda rigar ta yi wa daidai sai Gajere.

"To me ke ƙasan?" in ji abokansa mahauta. "Ka ga matan ruwa?"

Ya dubi ɗayansu ya ce, "Laka na gani, da tukunyar da matarka ta jefe ka da ita, Kalla."

Ya yi shekaru yana ɗaure ƙarafan gindin kwatar jiragen ruwa. Ran nan hadari ya taso, aka fizgo shi sama da sauri, ba a yi tsaye-tsayen da aka saba yi da shi a hanya ba. Kafin la'asar gwiwoyinsa sun ɗau ciwo, ƙafafu suka daina jin taɓi.

Kamfanin yana da wata randar ƙarfe mai ƙofa a cikin rumfa, girman bijimi kwance. A nan ake rufe mai nutso a matsa masa iska, a sassauta kaɗan-kaɗan. Shef, Baturen da ke shugabantar aikin, wanda suke ce wa Mushe, bai fito ba. Tafinta ya turo, wani ɗan ƙabilar Jula mai Hausar kasuwa, ya tarar da Inna da Baffa Sha'ibu a bakin rumfa.

"Mushe ya ce iska ta shige shi. A rufe shi a ƙarfe, a ƙara masa wata."

Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi in an ce iska ta shigi mutum, balle wanda ya fito daga ƙarƙashin ruwa.

"Ɗaya ta kayar da shi, ku ƙara masa ta biyu?" in ji Baffa. "Ka gaya wa Mushe mun gode."

Ya dubi Inna. Ta ce, "Yaya, mu tafi da shi." Aka ɗora shi a amalanke zuwa gida a unguwar Ajame, aka yi ta hayaƙi da rubutun sha. Da tafinta ya kai amsa ofis, Shef kafaɗa kawai ya ɗaga. Baba bai sake takawa ba.

A zaune na san shi, yana gyaran fitilu da risho kusa da sinimar Roksi. Bai yi fushi ba, ni ce na gaje masa fushin. Tambaya dai bai daina ba. Ina koleji ya buɗe kwalbar lemo a gabana, ya ce, "Sa'a, wannan kumfar ina take ɓuya kafin a buɗe? Tambayo mini malaminku." Na tambayo. Malamin ya ce iska ce narke a ciki, matsi ke riƙe da ita, in an cire matsin farat ɗaya sai ta tashi. Baba ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Ashe ni aka buɗe," ya ce.

Yanzu wani likita ya shaida mini cewa a Turai irin wannan randar ake sa mutane, a ba su oksijin zalla, har gyambon da ya ƙi warkewa a kan gwada masa. Na tambaye shi ko da ta tayar da Baba. Ya ce mai yiwuwa, in an sa shi a ranar. Ta yaya matsi ke mayar da kumfa cikin jini? Har yau ina so in gani da idona.

Baba ya rasu. Inna tana nan, ta tsufa, kuma kullum cewa take ita ta hana shi magani da bakinta. Na yi mata bayani, ta ce 'ya ai ba ta ganin laifin uwa.

Kamfanin ya canza suna, amma magadansa suna nan a unguwar tashar jiragen ruwa. Ba kuɗi nake nema ba. Ku turo mutum mai jin Hausa sosai, ya zo Ajame, ya tuɓe takalmi, ya zauna gaban Zalihatu ya gaya mata cewa ku ne ba ku yi bayani ba. Ku turo shi tun tana ji.