Maƙerin da Yake Sauya Hanya

Maƙerin layinmu ya tsufa yana ƙera adaka, bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, amma an fi saninsa da tsokana. Da ɗana ya je zaɓen bindigarsa ta farko, sai ya nemi mai ƙaramin baki da ɗuri kaɗan, ta harbin zabi.

"Wannan ai ta korar ɓera ce," in ji maƙerin. "Ko kafaɗar taka ta aro ce?"

Bai san ciwo ya riga ya cinye ƙashin kafaɗar ba. Yaron bai ga ƙarshen shekarar ba.

Maƙerin bai zo gaisuwa ba, kuma in ya hango ni sai ya sauya hanya. Na same shi a maƙera. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, da wane ido zan dube ka?"

Na gaya masa cewa ranar da ya tsokane shi, yaron ya dawo yana maimaita maganar, yana dariya. Mu a gida lallaɓa shi muke yi, maƙerin kaɗai ya ɗauke shi mai lafiya.

Bai ɗago ba, amma ya matsa mini a kan benci.