Muciyar da Na Sassaƙa wa Kaka a Ɓoye

Ni na karya muciyar Kaka. Shekara biyar ke nan ina gaya wa mutanen waje cewa akuya ce ta taka ta, yau dai na wanke baiwar Allah. Da ita na jefi aduwa a bayan gida, muciya ta faɗo biyu, aduwa ko ɗaya ba ta faɗo ba.

Muciyar nan ta ƙirya ce, ja wur, ta girmi babana. Lokacin kuwa Nasara na kafa turakun iyaka tsakanin Illela da Ƙwanni, 'yan aikinsu sun jibge itatuwan da aka kawo daga kudu a bayan kasuwa. Na lallaɓa na zaro wani reshe ja, wanda a idona ƙirya ne sak. Na sassaƙe shi da gizagon Baba, ina yi ina atishawa, na goga masa toka da mai don ya tsufa, na jingine shi inda tsohuwar muciyar take zama. Na ji a duk ƙasar Sakkwato babu mai wayona.

Da yamma Kaka ta tuƙa tuwo da shi. Tuwon ya yi ɗaci, irin ɗacin da ke sa kunne motsi. Ba wanda ya tanka, don girkin Kaka ba a kushe shi. Ƙanena Mamman, wanda ko dutse aka zuba wa miya zai haɗiye, shi ya sare malmala biyu.

Bayan isha'i muka taru a ɗakinta kamar kullum. Lokacin ɗari ne, ta hura wuta da kara, inuwarta ta hau bango har rufi. Ta ce mu matso, tatsuniyar daren nan ba ta dariya ba ce.

Wai akwai wani masassaƙi mai gaggawa da matarsa ta roƙa ya yi mata turmi. Ya shiga daji ya tarar da itatuwa biyu a kwance, duka ja, duka masu nauyi, kamar tagwaye. Ɗaya ƙirya, ɗaya gwaska, itacen dafi. Bai tsaya tambaya ba ya ɗauki na kusa.

"Yana sara, sai atishawa," in ji Kaka. "Icce na gaya mishi sunanshi, shi bai ji ba. Ƙirya ba ta sa atishawa, 'yan nan. Gwaska ka sawa."

Na fara ƙirga atishawata ta rana, na kai bakwai na daina.

Kaka ta ci gaba, wai matar ta daka gero a sabon turmi, ta yi fura. Su da 'ya'yansu suka sha, suka ce da ɗan ɗaci. Sai barci ya fara ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin. Da gari ya waye, masassaƙin kaɗai ya tashi. Tun daga ranar turmin ke daka kansa duk bayan isha'i, yana kiran sunan wanda ya sassaƙa shi.

Na waiga. Mamman ya kwanta a gefen tabarma, baki buɗe, ba motsi. Na mintsine shi, bai motsa ba. Na ƙara, har farcena ya shiga. Can maƙwabta wata ta dira taɓarya a turmi, na rantse sunana na ji. Harshena ya yi nauyi, na ga likkafani biyar a jere da liman yana tambaya wa ya yi wannan aiki.

"Kaka," na ce, muryata kamar ta ɗan tsako, "in an ci gwaska, akwai magani?"

"Mi ya kawo tambaya, maigidana?"

"Don sani kawai."

"Babu. Sai in mai laihi ya yi magana da wuri."

Na fashe da kuka, na faɗi komai: aduwa, itatuwan Nasara, gizago, atishawa. Na ce na kashe Mamman, a kai ni ga alƙali.

Kaka ba ta yi dariya ba, shi ya fi tsorata ni. Ta ce in ɗauko muciyar da babbar ƙwaryar ruwa ta wanki. Ta kawo ɓarin tsohuwar muciyar, wanda ashe tun la'asar ta tsince shi inda na binne, ta saka a ruwa. Ya nutse.

"Ƙirya ke nan. Gwaska ma haka taka yi. Saka taka mu gani."

Na saka. Muciyata ta nutsa kaɗan, ta yi jim, ni ma numfashina ya yi jim. Sai ta taso, tana yawo a kan ruwa.

Kaka ta ɓanɓare ɗan ɓawon da na bari a gindinta, ta tura mini a baki. "Tauna. Wanga maɗaci ne. Ɗaci gare shi, ba ya kisa. Ja ba suna ba ne, maigida. A ɗaga icce a ji nauyinshi, a shinshina, a tambayi wanda ya sani."

Daidai nan Mamman ya ja wani minshari, ya tashi yana kukan wani abu ya cije shi a cinya.

Yanzu ina koyon sassaƙa wurin wani dattijo a Kalmalo. Abokan koyo na yi mini dariya don ba na sa gizago a itace sai na ɗaga shi, na shinshina, na jefa ɓarinsa a ruwa. Ban taɓa ganin gwaska da idona ba, amma duk ran da na yi atishawa a bakin aiki sai na ajiye gizago.

Ba wanda ya mutu. Kwana uku Kaka tana tuƙa mini nawa tuwon daban da muciyata, kuma na cinye.