An Liƙa Mini Maganar Wani

Jama'a, yau an haɗa ni da Yaya Sani, alhali ko tari ban yi ba!

Kun san Yaya kurma ne. An yi bidiyon tallar shagonsa na kafinta a Tudun Wada, da rubutu a ƙasa don ya karanta. A ciki wani kwastoma ya ce, "Da na ɗauka kurma ba ya aikin kirki." Mai haɗa bidiyon ya ɗora sunana a kan maganar!

Na kira shi. Wai, "Malam, wa ke duba suna?"

Na ce, "Wanda ba ya jin murya mana!"

Na ruga shagon, na fara yi wa Yaya bayani da hannu. Wallahi kallo ɗaya ya yi mini, ya rufe idonsa.