Takalman Sirajuddeen a Ƙofar Masallaci

A unguwar New Bell ta birnin Douala, in aka ambaci Sirajuddeen Mudi, abin da ake fara tunawa shi ne ranar da ya jera takalman soja ƙafa goma sha biyu a ƙofar masallacin layinsu, ana tsaka da ruwan Agusta. 'Yan kasuwar da suka zo daga Kano, waɗanda katin zamansu bai fito ba, suna hango takalman suka juya, a zatonsu sojoji ne a ciki. Ran nan da rabin sahu aka yi La'asar.

Shi kuwa bai san an yi ba. Haifaffen unguwar ne, jikan mai sayar da goro, ya yi boko da Faransanci har ya samu aikin wanke kwalabe da auna sinadarai a ɗakin binciken wata jami'a. Shekara goma sha tara yana nan, sunansa bai taɓa hawa kan takarda ba. Sai sojoji suka sanar za su ɗauki nauyin binciken da zai amfane su. Manyan malamai duk suka rubuta takardar neman tallafi a kan jirgi maras matuƙi. Sirajuddeen ya rubuta tasa a kan man takalmi, domin a Douala fata kwana uku take yi a damina ta yi fumfuna. Ya haɗa man kaɗanya da ƙaro da wani abu da ya ƙi faɗa wa kowa, har matarsa Balkisu.

Aka ba shi wata uku ya kawo shaida. In ya dace, a karon farko zai zama mai bincike da sunansa. Ya shafa wa takalman hagu mansa, ya bar na dama haka, ya nemi inda ruwa ya fi dukan takalmi a unguwar, wato ƙofar masallaci.

Washegari, da labari ya iske shi, ya yi wa jama'a bayani, sahu ya koma daidai. Ya manta da Malam Ilu ladan, wanda ba ya ji sosai, kuma bai taɓa barin takalmin baƙo a ruwa ba. Kullum in Sirajuddeen ya tafi aiki, sai tsohon ya kwashe su ya kai rumfa, ya goge su hagu da dama, kafin yamma ya mayar.

Ranar da hafsoshi suka duba, duk sha biyun ƙyalli suke. Babbansu ya tambaya wanne ne mai maganin. Aka ba masu jirgi tallafin.

Har yau Sirajuddeen yana wanke kwalabensa. In ya biyo ta kasuwar Marché Central, Zakariya'u mai yadi, wanda ya fi kowa gudu ranar, yakan ɗaga murya:

"Ranka ya daɗe, Janar! Yaushe za a sake kawo mana bataliya?"

"Bana, Alhaji, in Allah Ya yarda," in ji Sirajuddeen, yana gyara laima. "Amma a kan rufin gidanmu. Malam Ilu ba ya iya hawa tsani."