Gawar da Iyingi Sotonye ta Kawo Gari

Iyingi Sotonye ta tsufa tana tsintar dodon koɗi a rafin Oru, inda saiwoyin angala, bishiyar bakin teku, suke tsaye cikin taɓo kamar ƙafafun mutane. Idan ruwan teku ya janye takan shiga da kwandonta, ƙaguwa na gudu gabanta, ƙananan kifaye na tsalle a laka, birai na yi mata tsiya daga sama. Da wannan rafin ta ciyar da 'ya'yanta, har da Dagogo, ɗan ƙanwarta maraya.

Dagogon nan ne ya dawo daga Fatakwal da masu zarton inji, za su sare angalar su sayar wa magina. Ta yi masa magana, ya ce itace ba ya ƙarewa. Ta tuna masa cewa kifi a saiwar yake ƙyanƙyasa, ya yi dariya.

Ranar da suka kayar da bishiyar farko, ta sa aka ɗora mata gungumen a kwalekwale, ta rufe shi da zane, ta ɗaura ɗanyen tohon kwakwa a goshin jirgin. A wajenmu wannan alamar gawa ce, kuma ba mai gitta jirgin gawa. Ta tare bakin rafin ta zauna.

"Iyingi, ki bari mana, itace ne fa," in ji Dagogo.

"To zo ka wuce, ɗan birni. Wannan bishiyar ita ta ciyar da kai tun kana yawo ba wando."

Ma'aikatansa suka kashe injin jirginsu, ba wanda ya yarda ya taɓa filafili.

Ni ne magatakardan majalisar gari, a gabana aka yi shari'ar. Dattawa suka ce ta yi wasa da tohon, ta ba da haƙuri. Ta ƙi. Ta ce idan ba gawa ba ce, ɗayansu ya tashi ya kwance tohon da hannunsa. Ba wanda ya tashi.

Sai aka binne gungumen a matsayin gawa. Al'ada kuwa ta ce inda aka yi kisa a ruwa, a rufe shi shekara guda, ba sara, ba kamu. Hukuncin ya hau kanta ita ma, ta kuma san haka tun farko.

Yanzu wani rafi mai nisa take zuwa, da ciwon kafaɗarta. Idan ta wuce ta bakin Oru takan rage tuƙi, ta gaishe da birai.