Malam Shitu da Shanun da Ba a Ƙirgawa

Malam Shitu mutumin Kiru ne, ɗan manoma jikan manoma, amma rabin rayuwarsa a Burumburum ya yi ta, a gaban allo, yatsunsa fari fat da alli. Gajere ne mai sanyin murya. Yana da wani keke mai kuka kamar tsohon ƙyaure, har yara sukan san ya iso tun ba su gan shi ba. Bai cika duka ba. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne ya ga fuskar yaro ta washe sa'ad da lissafi ya faɗa masa, kamar yadda gari ke washewa bayan ruwan safe.

A ƙarshen shekarun tamanin sabon tsari ya iso makarantun ƙauye. A da jarrabawar ƙarshen shekara ce kaɗai ke yanke wa yaro hukunci. Yanzu sai aka ce a riƙa gwada shi a aji jefi-jefi, ana tara masa maki, a haɗa da na ƙarshe, sannan a san ko ya wuce ko ya maimaita. Aka tara malamai a Tudun Wada aka yi musu bita, mai bitar ya ce su riƙa ɗauko misali daga rayuwar yaran da kansu. Wannan magana ta kwanta wa Malam Shitu a rai. Da yake takarda ta yi ƙaranci, gwajin lissafinsa na aji uku da baki yake yin sa. Yaro zai miƙe, a tambaye shi da abin gidansu: ɗan manomi da kunyar gyaɗa, 'yar mai ƙosai da ƙosai, ɗan direban Kwanar Dangora da fasinjoji. Ajin ya koma kamar dandali, yara har ɗokin ranar gwaji suke yi.

Ban da yarinya ɗaya. Maijidda 'yar Baffa Dikko ce, daga rugar da ke bayan rafi, kuma ita kaɗai ce 'yar makiyaya a ajin. Siririya ce mai manyan idanu, kullum tana ƙarshen benci kusa da taga. Ranar gwajin farko Malam Shitu ya dube ta da fara'a ya tambaye ta shanun babanta nawa ne, in an sayar da biyu saura nawa. Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Ya jira, ya sake jira, sannan ya ce ta zauna.

Ya ɗauka Hausa ce ta yi mata nauyi, amma ya ji ta a filin wasa tana zuba Hausa kamar 'yar cikin gari. Ya ɗauka kunya ce, sai ya sauƙaƙa mata a gwaji na gaba: a ce babanta yana da shanu goma, uku suka mutu, saura nawa? A ranar ba shiru kaɗai ta yi ba, hawaye ne suka biyo kumatunta, yara suka yi ta dariya. Shi kuwa duk lokacin da ta kasa, sai ya ƙara manne wa shanun, don a ganinsa taimakonta yake yi da abin da ta fi sani. Haka zango ya bi zango, ba ta samu komai a lissafi ba, kuma ko ta yi ƙoƙari a jarrabawar ƙarshe, abin da ta rasa ya isa ya zaunar da ita a aji uku.

Daga bakin matarsa Luba ya ji abin da ke bayan wannan. Halima, mahaifiyar Maijidda, ita ke kawo musu nono, kuma ta gaya wa Luba cewa da kaka ta wuce garke zai yi kudu, wajen Riruwai da gaba. Baffa Dikko ya ce in yarinyar ta wuce zuwa aji huɗu, zai bar ta wurin kakarta ta ci gaba da karatu. In kuwa aka ce ta maimaita, to, ba zai bar 'yarsa ta ɗumama benci ɗaya shekara biyu ba, za ta bi su. Halima ta ce yarinyar tana son makaranta kamar ranta, har allo take zanawa a ƙasa tana koya wa maruƙa.

Malam Shitu ya ga bai kamata uba ya ji irin wannan labari a bakin yara ba. Wata ranar Alhamis bayan la'asar ya hau kekensa ya tsallaka rafi. Ya isa daidai dawowar garke. Ƙahonni farare suna tafe a hankali cikin jan hasken yamma, hayaƙin korar ƙuda yana kwance ƙasa-ƙasa, maruƙa suna kiran iyayensu. Baffa Dikko ya shimfiɗa masa buzu, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da gajiya, aka kawo kindirmo a sabuwar ƙwarya. Malam Shitu ya rasa ta inda zai faro magana mai ɗaci, sai ya dubi garken ya ce, "Baffa, kai, ma sha Allah. Yanzu sun kai nawa?"

Wurin ya yi tsit. Wani ƙanen Baffa da ke zaune gefe ya kau da fuska. Baffa Dikko kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, can ya ce a hankali, "Akwai albarka, Malam."

Malam Shitu ya ajiye ludayin da ke hannunsa. Ya san wannan shirun. Shekara guda ke nan yana tsaye a gabansa a cikin aji, da wuyan nan a karye, da idanun nan a ƙasa. Ya nemi gafara, sannan ya kwashe komai ya faɗa, har da shanu ukun da ya kashe da bakinsa.

Baffa Dikko ya yi dariya har sandarsa ta zame daga kafaɗa. Ya ce su ba sa ƙirga dabba da baki, kowace saniya da sunanta da kamanninta ake saninta, kuma tun yaro yana rarrafe ake gaya masa abin da aka ƙirga raguwa yake yi. Balle a ce ɗiya ta buɗe baki a gaban mutane ta ce shanun ubanta sun mutu. "Malam," in ji shi, "mahaifiyarka in baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, tana faɗa?"

Malam Shitu ya tuna tsohuwarsa a Kiru, wadda har ta koma ga Allah amsarta ɗaya ce, na Allah ba su ƙirguwa. Ya girgiza kai, shi ma dariyar ta kama shi.

Saura hedimasta. Malam Rufa'i Bazazzage ne, kuma tsakaninsa da Malam Shitu akwai wasan nan na Kanawa da Zazzagawa da ba ya ƙarewa. Da ya ji labarin sai ya ce ai ba abin mamaki ba ne, Bakano in ya ga saniya kasuwar shanu ta Wudil kawai yake hangowa. Amma da Malam Shitu ya roƙi a sake wa Maijidda gwaji sai ya tsuke fuska. Ya ce ba za a ba kowa maki don tausayi ba, gwajin a gaban aji za a yi shi, kuma shi da kansa zai yi tambayoyin. In ta kasa, shi ke nan.

Ranar Litinin Malam Shitu ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa a baya, yana murza guntun alli har ya zama gari. Hedimasta ya ce Maijidda ta miƙe. Ya ce mata wata mata ta kai ƙwan zabi talatin da biyu kasuwa, ta sayar da goma sha bakwai, saura nawa? Yarinyar ta ɗago kai, ta saci kallon malaminta.

"Goma sha biyar, Malam."

Muryar ƙarama ce, amma ta kai har bayan aji. Malam Rufa'i ya ƙara mata da mangwaro, ya ƙara da rabon goro tsakanin tsofaffi, ya kawo wani lissafi da sai a aji huɗu ake yin sa. Tana amsawa tun kafin ya rufe baki, kamar ruwan da aka daɗe da tarewa aka buɗe masa hanya. A ƙarshe hedimasta ya juya ya ce, "To Bakano, yarinya dai ta wuce. Kai ne za mu duba ko za ka maimaita."

Da aka gama girbi garken ya yi kudu, Maijidda ta tsaya wurin kakarta. Da safe akan gan ta tana tsallako rafi, takalmanta a hannu.

Malam Shitu bai daina tambayar yara da abin gidansu ba, sai dai daga shekarar nan, in yaro ya yi shiru, ba ya saurin cewa ya zauna. Yakan sauya masa tambayar da wani abu dabam, ya sake jira, wani lokaci ma har ya bi shi gida. Ya yi ritaya ya koma gonarsa ta Kiru, keken ma ya daɗe da yin shiru. In baƙo ya zauna da shi a ƙofar gida ya tambaye shi yara nawa suka bi ta hannunsa, sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce akwai albarka.