Allurar Mura a Gharrafa

Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, shi ma ajin ukun ta taga na fi ganinsa, domin kusan kullum a waje nake durƙushe. Amma da yake Allah ba ya shawara da kowa, sai da na zo Doha da furfura a gemu aka naɗa ni mai yaɗa labarai.

Direba nake a wani ƙaramin kamfani da ke tura masu jinya gidajen mutane, su kula da tsofaffi da waɗanda ciwo ya kwantar. Aikina in ɗauki kaya daga ofishinmu a unguwar Old Airport in zaga gidaje: safar hannu, auduga, famfas na manya, man shafawa na hana gyambon kwanciya. Da korona ta shigo aka ƙara takunkumi da ruwan wanke hannu, aka kuma ƙara sanarwa. Kai, sanarwa! Yau a ce a riƙa auna zafin jiki, gobe a ce kada baƙo ya shiga ɗakin tsoho, jibi a warware abin da aka faɗa shekaranjiya. Shugabar ofis, wata 'yar Indiya da muke kira Madam, takan tura su ta waya da Turanci. 'Yan ƙasarta da 'yan Filifin su karanta su amsa. Namu kuwa masu jin Hausa, 'yan Najeriya da 'yan Gana, shiru kamar an shuka dusa.

Sai Madam ta samo dabara. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da guntun Turanci, da guntun Larabci, da hannuwa, har sai na gyaɗa kai, sannan ta ce, "Yalla, Baba, je ka gaya wa mutanenka." Ni kuma in yi saƙon murya in jefa a guruf ɗinmu, in na kai kaya in sake faɗa baki da baki. Idan sun yi abin da aka ce, ni ne dai zan dawo in shaida mata. Takarda ba ta shiga tsakaninmu, bakina ne hanyar zuwa, bakina ne hanyar dawowa.

Ba na kai saƙo haka lami, sai na sa gishiri. Da aka fara allurar korona na ce musu tana tsirar da gashi a sanƙo, na cire hula na nuna musu inda aiki ya fara kankama. Suka yi dariya, suka je aka yi musu. To, ni me nake nema?

A cikinsu akwai wani mutumin unguwar Zango ta Kumasi, a Gana, da nake kira Ɗan Zango. Yana zaune ne a wani babban gida a unguwar Gharrafa, yana jinyar wani dattijo Balarabe wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ga kuma ciwon suga. Shi ke juya shi, shi ke yi masa wanka, shi ke huda masa yatsa ya auna jini, shi ke ba shi abinci da cokali. Ɗakinsa na jikin na dattijon, ƙofar ba ta rufuwa.

A fasfo Ɗan Zango yaro ne. Kafin ya fito daga gida ya zubar da shekaru masu yawa a hanya don a ɗauke shi aiki, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi. Amma mutumin da zai ba ka labarin juyin mulkin da aka yi kana goye, har ya faɗa maka rigar da ya sa ranar? Gemunsa baƙi ƙirin da rini, sai gindin gashin ya riƙa tona masa asiri. Don haka nake ce masa ƙanena, shi kuma ya rusuna ya ce mini Yaya, mu duka mun san wane ne babba.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya: a ce bai da lafiyar aiki, a sa shi a jirgi. Yana da iyali a Kumasi waɗanda tukunyarsu a kan wannan ɗakin na Gharrafa take. Allurar korona bai yi gardama ba, domin in ba ka yi ba wayarka ba za ta nuna alamar da ake bari ka shiga ko'ina ba, kuma a cikin taro ake yi, ba mai kallon fuskarka.

Shekarar da aka yi gasar ƙwallo ta cin kofin duniya a nan Doha, da zafi ya fara sassautawa, Madam ta kira ni. Ta ce lokacin allurar mura ta shekara-shekara ya zo, kyauta ce, kuma bana gari zai cika da baƙi daga kowace kusurwa, kowa da irin tarinsa. Masu kula da tsofaffi su je asibitin unguwa a yi musu. Ba dole ba ne, amma tana roƙo. Na yi saƙon murya, na ce wannan ita ce mai ƙarasa gashin da ta farko ta fara.

Da na kai kaya Gharrafa na tarar ma'aikatan lafiya sun riga sun zo gida sun yi wa dattijon tasa. Ɗan Zango ne ma ya riƙe musu hannunsa.

"Kai fa, ƙanena?"

"Ta mai gida kaɗai suka zo da shi." Mutanen Zango ba su damu da mace ko namiji a magana ba, komai shi ne.

"To sai ka je asibiti."

"Yaya, ba an yi mana ba? Jikina ya zama kamar rariya."

"Waccan ta korona ce. Wannan ta mura."

"Mura? Mura ma sai an yi mata allura? Ku 'yan Najeriya kun cika raki. Shi ya sa muka fitar da ku."

Wannan shi ne makaminsa duk shekarar. Gana ce ta hana Najeriya zuwa gasar, kuma ko gaisuwa na yi masa sai ya tambaye ni ko 'yan wasanmu sun sami tikitin kallo.

Zuwa na biyu ya ce ba zai iya barin dattijon ba, yana kuka idan bai gan shi ba. Na ce ni zan zauna. Ya gama ninke tawul. Can ya ja ni bakin mota, ya rage murya.

"Yaya, idan na je suka duba ni suka ga wani abu fa?"

"Wane abu?"

"Ko mene ne. Mutum ya shiga da ƙafarsa, ya fito da takardar tafiya gida."

Na rantse masa ba a duba komai. Don ya yarda, washegari na je aka yi mini, ni da nake gudun allura tun ina yaro har ina hawa bishiya. Na dawo na naɗe hannun riga na nuna masa. Na ce abin da suka tambaye ni kawai, ko ina zazzaɓi, ko ƙwai yana damuna, na ce musu ƙwai bai taɓa damuna ba sai rashinsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ke nan, ranar da zan dawo zai je.

Ranar na zauna da dattijon bayan azahar. An jingina shi da matashi, ana nuna tseren raƙuma a talabijin. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya sake dubana kamar an ba shi canjin da bai cika ba. Larabcina na hanya ne, dama, hagu, tsaya, sai khalas, wato an gama. Na karanta masa Fatiha, ya motsa leɓe. Na ƙara da ƙananan surori har nawa suka ƙare, ba su da yawa dama. Sanyin na'ura ya ratsa ni, kujera mai laushi, ban san sanda na tafi ba. Sai ji na yi ana ƙwanƙwasa mini gwiwa da cokali. Mai jinya yana minshari, majinyaci yana gadi.

Ɗan Zango ya dawo kafin la'asar da auduga da filasta a dantse, yana yamutsa fuska yana cewa yarinyar hannunta nauyi. Na shafa masa kai na ce ya yi jarumta. Na koma ofis na ce wa Madam na Gharrafa khalas.

Daga nan gari ya rikice. Tutoci a ko'ina, an rufe wasu hanyoyi, kasuwar Souq Waqif ba wurin sa ƙafa. Zagayena ya ragu, kayan sati biyu nake kaiwa a tashi ɗaya. Gidan dattijon ma ya cika da dangi daga ƙasashen maƙwabta, yara suna shiga suna fita suna sumbatar kakansu a goshi. Mura ta bi gidan ɗaki-ɗaki. Dattijon ya yi atishawa kwana kaɗan ya warware.

Ranar da Gana ta ci wasa, Ɗan Zango ya turo mini saƙon murya yana tsokanata, amma tari ya riƙa yanke masa magana. Na kira shi.

"Wannan tarin fa?"

"Ihu na yi da yawa, Yaya. Ba za ka gane ba, ku ba ku da abin yi wa ihu."

Ashe takunkumi biyu yake sawa, yana aiki da zazzaɓi, bai gaya wa masu gida ba, bai gaya wa Madam ba. Wata rana da hantsi 'yar dattijon ta shiga ta same shi zaune a ƙasa, bayansa jikin gado, kwanon abinci a cinyarsa, yana neman numfashi. Ita ta kira motar asibiti.

Na je duba shi da yamma. An sa masa robar iska a hanci. Kwanakin da ya yi bai yi rini ba, farin ya fito sosai, sai ga yayana kwance a gado. Na zauna a bakin gadon. Shi ya fara.

"Yaya, ka san filastar nan?"

"Wace?"

"Ta dantsena. Cikin kwalin da ka kawo na ɗauka."

Ban gane ba sai da ya maimaita. Ya ce ya isa har ƙofar asibitin, ya ga mata masu fararen kaya suna wucewa da na'urar awon jini, sai ya juya. Tun shekarar korona, wata rana ya gama auna dattijon sai ya huda nasa yatsan don wasa. Sugan da ya gani a jininsa ya fi na mai gidan. Tun daga ranar abincin dattijon yake ci, ya daina shayi mai zaƙi, bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

"To ina ka je?"

"Babban kantin nan na kusa. Na sami benci na zauna. Yaya, rabon da in zauna ba wanda zai kira ni, na manta. Na sayi shayin madaran nan, karak, na ce su cika suga." Ya yi murmushi. "Na ga mutane suna ta yawo, ba abin da suke yi. A banɗaki na manna audugar."

Na ce masa ya cuce ni, ya sa na yi gadi a banza har an kama ni ina barci. Ya so ya yi dariya, tari ya hana. Da ya lafa ya riƙe hannuna ya ce in roƙi Madam kada ta ba wani gurbinsa, wanda aka kai na wucin gadi ne, shi yana tashi zai koma. Na ce zan faɗa mata. Na kuma faɗa.

Likita ya ce mura ce ta sauka a huhu, ta tarar da jikin da suga ya daɗe yana ci. Na tambaye shi da an yi allurar fa? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce da ta taimaka, amma shi ba zai rantse ba. Ni ma ba zan rantse ba. Ɗan Zango bai kai ƙarshen gasar ba, ya rasu. Mun yi masa salla mu kaɗan, direbobi, masu gadi, da wasu ɗalibai 'yan Najeriya da suka ji a masallaci suka biyo mu ba tare da sun taɓa ganinsa ba. A hanyar dawowa motoci na ta hon da tutoci, wata ƙasa ta ci.

Bayan kwanaki Madam ta aike ni Gharrafa in kwaso kayansa. Jaka ɗaya ce da darduma. Ina fitowa 'yar dattijon ta tare ni. Ta ce babanta ya juya wa bango fuska, sabon mai jinya, wani yaro ɗan Filifin mai haƙuri, ya yi ya yi, dattijon ya ƙi buɗe baki. Ta ce marigayin in zai ba shi abinci, da yarenmu yake ta yi masa magana tun daga cokalin farko har na ƙarshe, su ba su san me yake cewa ba. Ko zan gwada?

Na zauna a bakin gado, ɗan Filifin ya riƙe cokali. Ban san me Ɗan Zango yake faɗa masa ba. Na rasa ta inda zan fara, sai na kama lissafa garuruwan da nake bi lokacin ina tuƙa motar haya a gida. Na ce mun tashi daga Gusau, ga Kwatarkwashi, ga Tsafe, a nan akan tsaya a sha ruwa. Dattijon ya juyo a hankali, idonsa a rufe, ya buɗe baki. Aka sa masa cokali ya haɗiye. Na ce ga 'Yankara, hanyar ta lalace a nan, sai an bi a sannu. Ya sake karɓa. 'Yarsa ta rufe baki da gyale.

Muna gab da shiga Funtuwa ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya dubi jakar da ke kusa da ƙafata, ya rufe bakinsa, ya koma wajen bango.